Daminar da Na Ɓoye Injin Yankan Ciyawa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya sa ka sauka Funtuwa lami lafiya kai da kayan aikinka. Allah ya sa ka shiga garin da ƙafar dama, ya haɗa ka da maƙwabta na kirki, ya sa albarka a shagon da za ka buɗe. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka.

Ka san ni ba gwanin zaunar da yaro in yi masa doguwar magana ba ne. Ranar da ka zo sallama, abin da ya fita daga bakina bai wuce "Allah ya tsare" ba, alhali cikina cike yake da zance. Shi ya sa na nemi takarda da biro. Ba labarin gida zan ba ka ba, wannan ka ji a waya. Labarin wautar da na yi zan ba ka, don ka tsallake ramukan da na faɗa.

Shekara bakwai ka yi a hannun Malam Ilu a Kabo kana koyon gyaran ƙananan injina, ka san cikin inji fiye da ni nesa ba kusa ba. Abin da ba ka sani ba shi ne abin da ke cikin ran mutumin da ya tsaya a bakin shago da mataccen inji, yana tambaya a gyara ko a sauya. Ni na taɓa zama wannan mutumin.

Lokacin kana goye, ina lebura a makarantar kwanan nan ta wajen Gwarzo inda na yi ritaya. Aikina ciyawa. Da rani shara da ban ruwan itatuwa, da damina kuwa ni da langalanga tun safe har la'asar: filin ƙwallo, gaban azuzuwa, bayan ɗakunan kwana, hanyar kicin. Da mu uku ne, ɗaya ya tsufa, ɗaya ya koma gona, aka bar ni ni kaɗai. Ana haka sai tsofaffin ɗaliban makarantar suka haɗu suka sayo injin yankan ciyawa, ja, mai taya huɗu, irin wanda ake jan igiya ya tashi a riƙa tura shi. Shugaban makaranta, Malam Tukur, ya kira ni gaban malamai da ɗalibai ya ce, "Malam Garba, ga abokin aiki an kawo maka. Amana ce, ka riƙe ta."

Ya miƙo mini wani ɗan littafi da ya zo da injin, duk Turanci. Malamin kimiyya da ke tsaye kusa ya ce, "Baba, kawo in karanta maka in fassara."

Na ce, "Bar shi, Malam. Inji ai inji ne. Na ga na ban ruwa, na ga na niƙa."

Ƙarya nake. Kunya ce ta kama ni, kada yara su gane Turanci ya fi ƙarfina, kamar akwai wanda bai sani ba. Na jefa littafin a ƙasan akwati.

Aikin mako guda ya koma na yini ɗaya da rabi. In ina tura shi a filin ƙwallo, har masu wucewa kan hanya sukan tsaya kallo, ni kuwa kai ya kumbura. Fetur nake zuba masa kawai. Baƙin man da mai sayarwa ya zuba masa ranar farko, shi ne a ciki har damina biyu, ko murfin wurin ban taɓa buɗewa ba. Ya fara hayaƙi, muryarsa ta dushe, na ce gajiya ce.

Wannan ce wauta ta farko, Nasiru, kuma ita ta haifi sauran. Kada kunyar "ban sani ba" ta hana ka tambaya, ko a gaban wa. Za a kawo maka injin da ba ka taɓa gani ba, ka ɗaga waya ka tambayi maigidanka, girmanka ba zai ragu ba. Sannan duk wanda ka gyara wa inji, kada ya bar shagonka sai ka nuna masa inda ake duba baƙin mai da hannunka. Wanda ya yi saurin ce maka "na sani", shi ya fi kowa bukatar a nuna masa. Ka nuna masa kamar kai kake dubawa don kanka, yadda ba zai ji kunya ba.

A damina ta uku, ruwa ya zauna sosai, ina yankan bayan kicin. Akwai kututturen darbejiya a wurin da ciyawa ta rufe. Na san da shi, don ni na sare itaciyar da hannuna, amma sauri nake in gama kafin azahar. Sai ji na yi kau! Har hannuwana suka yi tsami. Injin bai mutu ba, sai dai ya kama karkarwa kamar mai masassara. Mai hankali tsayawa zai yi. Ni kuwa na ga saura kaɗan, na ci gaba da turawa. Ban yi taku ashirin ba ya yi wata ƙara kamar ana daka a turmin da ba hatsi, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, ya yi tsit. Na ja igiya, ta ƙi ko motsi.

Na tura shi sito na lulluɓe da buhuna, ban gaya wa kowa ba. Ranar Asabar na samu mai a-kori-kura ya ɗauke mu zuwa Kabo. Ka san abin da ya sa Kabo? Don a Gwarzo kowane bakanike ya san ni, ya san Malam Tukur. Ba gwani na je nema ba, inda ba a san fuskata ba na je nema. Allah cikin ikonsa sai ya kai ni wurin gwanin. A tasha aka nuna mini wata rumfar kwano, na tarar da wani siririn mutum, gemunsa baƙi wuluk a lokacin, yana wanke kafireta, mahaɗar fetur da iska, a cikin gwangwani. Malam Ilu ke nan.

Muka gaisa. Ya ce, "Daga ina, Malam?"

Na ce, "Daga nan kusa."

Ya dube ni, bai ƙara tambaya ba. Bai kuma ce komai a kan injin ba sai da ya kwance shi. Ya tsiyaye baƙin man, ɗan abin da ya fito bai cika murfin kwano ba, ya yi kauri kamar kwalta. Sannan ya ce, "Matso ka sa yatsanka nan." Na sa yatsa a cikin bulon injin, inda fistin ke hawa da sauka, na ji wurin ya yi kunya-kunya kamar gonar da aka yi wa huɗa. Ya ɗauko sandar ƙarfen da ke juya wuƙa ya gangarar da ita a kan benci, tana tafiya tana ɗingishi.

Ya ce, "Malam, maganar ɗaya ce. Gangar jikin nan lafiyarta ƙalau, tayoyi da hannu da komai, wuƙar ma wasawa kawai take so. Amma injin ya buga. Zan iya sa shi ya tashi yau, sai dai ba zai kai maka Juma'a biyu ba. A sayi sabon kan inji a ɗora a kan jikin nan, shi ya fi."

Na ce, "Ba wata dabara?"

Ya ce, "Dabarar ke nan."

Na ce, "Ba nawa ba ne."

Ya ce, "Na gane. Mai abu ba da irin wannan fuskar yake zuwa ba. Ka koma ka gaya wa mai shi. In kana so in rubuta masa abin da na gani, sai in rubuta."

Ka san abin da ubanka ya ce wa mutumin nan? Cewa na yi, "Ka dai ce ba ka iya ba." Ya mayar da komai wurinsa, ƙananan notuna ya ƙulle mini su a tsumma don kada su zube a hanya, ya taya mu ɗora injin a mota, bai karɓi komai ba.

Za a gaya maka irin wannan maganar, Nasiru, wataƙila ma wadda ta fi ta zafi. In an gaya maka, ka tuna da ni. Ba raini ba ne ke magana a bakin mutumin, tsoro ne. Wani matarsa yake tsoro, wani maigidansa, wani injin ne abincin gidansa. Kada ka rama, kada kuma ka sauya gaskiyarka don ya ji daɗi. Ka buɗe kafin ka yi magana, ka sa ya taɓa ɓarnar da yatsansa, ka faɗi abin da ka gani, ka bar shi ya tafi in zai tafi. Ka rabu da shi yadda ba zai ji nauyin dawowa ba.

Daga nan na shiga neman wanda zai gaya mini abin da nake so in ji, kuma mai neman wannan ba ya rasawa. Na samu wani a bakin wata kasuwa, ba zan faɗi sunansa ba, ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Ko buɗe injin bai yi ba ya ce, "Wannan? Ƙaramin aiki ne, Alhaji." Alhaji fa, ni da ko filin jirgi ban taɓa takawa ba. Na ji sanyi har cikin raina. Ya miƙar da sandar da guduma, ya sa tsohon ringin fistin da ya ciro daga wani inji, ya ja igiya, ya tashi. Na yi ta sa masa albarka.

Kwana biyu ya yi yana aiki ya mutu. Na mayar, aka sake wani abu, ya yi yini ɗaya. Na sake mayarwa, aka ce fistin ne. Kowace tafiya sai in ce wa kaina wannan ce ta ƙarshe, ai na riga na yi nisa, ba zan bari wahalar baya ta tafi a banza ba. Har waken da muka ajiye don ci na ɗiba na kai kasuwa. Innarka tana kallona ba ta ce komai ba, sai ranar da na dawo karo na uku, riga duk baƙin mai. Ta ajiye mini ruwa ta ce, "Malam, wai injin nan kai ke tura shi ko shi ke tura ka?"

Na ce, "Ke ba ki san sha'anin aikin gwamnati ba."

Ta ce, "Ban sani ba kam. Amma na san kunyar faɗin gaskiya ta yini ɗaya ce. Wannan da kake ciki yau mako uku."

Na tashi na bar mata wurin. Har yau in na tuna sai in ji nauyinta, don duk garin nan ba wanda ya ba ni shawarar da ta fi wannan, kuma a kyauta. In Allah ya ba ka mace mai gaya maka abin da ba ka so, ka gode masa, kada ka tashi ka bar mata wuri kamar yadda na yi. Game da sana'arka kuwa, in inji ya dawo maka sau biyu da ciwo ɗaya, kada ka karɓe shi karo na uku kana murmushi. Ka zaunar da mai shi ka ce masa, "Abin da ka kashe ya riga ya tafi, mu duba abin da ke gaba." Mutum ba ya iya gaya wa kansa wannan maganar, sai an gaya masa.

Duk wannan lokacin, kullum da safe in na gaishe da Malam Tukur sai ya ce, "Ina abokin aikin naka? Kwana biyu ban ji muryarsa ba." Ni kuwa in ce, "Ana yi masa sabis ne, ranka ya daɗe." Ruwa kuma bai fasa sauka ba, ciyawa ba ta san ana sabis ba. Na koma wa langalanga, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai na riƙa yankan gaban ofis da bakin ƙofa, inda idon shugaba ke kaiwa, na bar baya. A nan laifina ya fi girma, kuma ba na neman wa kaina uzuri. Inda ake gani na gyara, inda ake bi na bari.

Ka san Malam Isa na Mainika, mai ɗingishin nan da kuke kira Baba Kuku. A lokacin shi ne mai dafa wa ɗalibai abinci, kuma aminina ne. Kullum da rana sai ya zuba mini abinci a kwanona, ya tsamo nama ya ɗora a sama. Wata rana yana miƙo mini kwanon ya ce, "Garba, ciyawar bayan nan ta kai ƙugu fa. Jiya na ga saɓar maciji kusa da itacen girki."

Na ce, "Gobe in sha Allahu."

Goben ta zo, na tafi wurin bakanike.

Ranar Laraba bayan azahar ina gaban ofis sai na ji ihu daga bayan kicin. Na jefar da langalanga na ruga. Na tarar da Isa zaune a ƙasa ya riƙe ƙafa, itacen da ya ɗebo a warwatse. Kububuwa ce ta sare shi a idon sawu, a kan hanyar da ya roƙe ni in yanke. Ni na ɗauke shi a kafaɗa zuwa motar Malam Tukur, muka yi asibiti. Kafin magariba ƙafar ta kumbura har gwiwa, jini na fita ta dasashinsa. Matarsa tana bakin ƙofa tana salati. Kwana huɗu ba wanda ya san ko zai tashi. Allah da ikonsa aka samu allurar maganin dafin, ya tashi, amma ƙafar ba ta koma daidai ba har yau. Ban taɓa daina gode wa Allah da ya bar mana shi ba. Da ya tafi, ban san inda zan sa kaina ba duniya da lahira.

Don haka in an kawo maka inji, kada ka tsaya kan ƙarfen kawai. Ka tambaya me yake yi, wa ke jiransa. Injin ban ruwa akwai tumatir da ke bushewa a bayansa, na niƙa akwai gidajen da ba su ɗora tukunya ba. Wani gyaran yana da arha amma zai ci mako uku, kuma mako ukun nan wani ne zai biya shi da jikinsa. Shi ma ka sa shi a ma'auni.

Washegarin ranar da aka kwantar da Isa na shiga ofishin Malam Tukur. Na cire hula, na durƙusa, na faɗi komai tun daga littafin da na ƙi bari a karanta mini har zuwa saɓar macijin. Ni dai na riga na sallama aikin.

Ya ce, "Malam Garba, inji yana lalacewa, don haka Allah ya yi bakanike. Da ka zo mini ranar da ya mutu, da faɗan minti biyar zan yi maka, in fito da ɗalibai da langalanga su share makarantar nan a yini ɗaya. Abin da ya yi mini ciwo, wata guda kana gaishe ni kullum, kana kallon idona."

Na kasa ɗaga kai.

Ya ce, "Ni ma da nawa laifin. Mutum ɗaya na bar wa aikin mutum uku, kuma ban taɓa zagayawa bayan kicin na duba ba. Tashi ka zauna a kujera. Cikin duk waɗanda ka kai wa injin, wa ya gaya maka gaskiya?"

Na ce, "Wani a Kabo, ranka ya daɗe. Na kuwa yi masa rashin kunya."

Ya ce, "To wurinsa za ka koma."

Bai kore ni ba, Nasiru. Takardar gargaɗi ya ba ni, kuma na cancanta. A ranar aka fito da ɗalibai gaba ɗaya, kafin la'asar ba sauran doguwar ciyawa a makarantar. Abin da na ɓoye wata guda, yini ɗaya ya ishe shi. Abincin da kuka ci kuka girma, bayan Allah, haƙurin mutumin nan ne. Ka sa shi a addu'a, ya rasu shekarun baya. In wata rana ka zama mai yara a shago, ɗayansu ya lalata abu ya zo ya faɗa da bakinsa, ka hukunta ɓarnar amma kada ka hukunta faɗar. In ka yi haka, gobe ɓoyewa zai yi.

Tafiyata Kabo ta biyu ta fi ta farko nauyi. Na tsaya a bakin rumfar ina neman ta inda zan fara. Malam Ilu ya ɗago ya gan ni, ya ga injin, sai ya ce, "A'a, mutumin nan kusa! Sannu da zuwa. Ku sauke shi nan inuwa." Na fara ba shi haƙuri, ya ce, "Bari wannan, riƙe mini sifana." Ko sau ɗaya bai ce ai na gaya maka ba. Ya je Kano da kansa ya zaɓo sabon kai, ya ɗora a kan tsohon jikin, ya wasa wuƙa. Sannan ya zaunar da ni ya nuna mini yadda ake zaro 'yar sandar duba mai, da launin man da ya gaji, da yadda ake wanke soson tace iska. Ya sa na yi da hannuna sau uku yana kallo. Daga ranar muka ƙulla zumuncin da ya sa, da ka tasa, ban yi shawara da kowa ba na kai ka wurinsa.

Kada ka ɗauka daga nan na yi hankali. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Bayan shekara biyar, farkon wata damina, na fito da injin daga sito inda ya yi rani, na ja igiya ya yi tari ya mutu. Na ja, na ja, ya ƙi. Ban tsaya duba komai ba na ruga ofis na ce, "Ranka ya daɗe, injin ya buga, a sayi sabo tun ciyawa ba ta tashi ba." Malam Tukur ya yarda da ni, har ya ce a kira Malam Ilu ya zo ya ɗauki tsohon ya kawo wani.

Malam Ilu ya zo a kan babur. Ya ja igiya sau ɗaya ya saurara. Ya zagaya ya leƙa salansa, wato bututun hayaƙi, ya ce a ba shi guntuwar waya. Ya zura, sai ga busasshiyar laka tana zubowa. Ashe zanzaro ne ya yi gini a ciki da rani, ya toshe hanyar hayaƙi. Ya ja igiya, inji ya tashi garau kamar sabo. Malam Tukur ya yi dariya har da riƙe ciki. Malam Ilu ya ce, "Malam Garba, da can ka ƙi binne gawa, yau kuma za ka binne mai rai."

Ka lura, ciniki ne ya zo masa har gida. Da ya yi shiru ya ɗauki injin ya kawo sabo, ba wanda zai taɓa sani, ni da kaina zan yi masa shaida. Bai yi ba. Injin nan ya ƙara damina tara a hannuna. Saboda haka kada ka zama mai cewa a gyara kullum, kada ka zama mai cewa a sauya kullum. Girman kai ne ya sa na riƙe mataccen, tsoro ne ya sa na so jefar da mai rai, kuma duka biyun ban buɗe na duba ba. Ka fara da ƙaramin abu, fulogi, mai, iska, kafin ka kira babban suna.

Saura abu ɗaya, shi ne ya fi daɗewa a wuyana. Na faɗa wa shugaba gaskiya, na ba bakanike haƙuri, amma Isa ban taɓa ce masa komai ba. Na yi masa jinya, na yi masa noma shekarar da ƙafar ta hana shi, duk don kada in buɗe baki. Kullum ina ganin ɗingishinsa ina kau da kai. Sai bayan mun yi ritaya mu duka biyu, wata ranar kasuwar Getso, na same shi zaune a gindin wata tsamiya yana hutar da ƙafa. Na zauna kusa da shi. Na ce, "Isa, akwai maganar da na riƙe shekara da shekaru. Ciyawar nan da ka ce in yanke, ba mantawa na yi ba. Injin na lalata nake ɓoyewa, na bar bayan kicin don ba a gani. Ni na jawo maka wannan ƙafar. Ka yafe mini."

Ya murza gwiwa. Can ya ce, "Garba, kana tsammani a makarantar kwana akwai abin da ke ɓoyuwa wa mai kicin? Tun ina gadon asibiti na ji komai."

Na ce, "Amma ba ka taɓa nuna mini ba."

Ya ce, "Na nuna mana, kai ne ba ka lura ba. Shekara guda cur ban sa maka nama a kwano ba."

Wallahi na lura, Nasiru, na ɗauka naman ne ya yi wa makaranta tsada. Muka kama dariya mu biyu kamar yara, har hawaye ya zubo mini, kuma ba duka na dariya ba ne. Da muka natsu ya ce, "Na yi fushi da kai ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba. Amma kai ka ɗauke ni a kafaɗa, kai ka nome mini gero. Na yafe tuntuni. Sai dai yau da ka faɗa da bakinka, na ji wani abu ya sauka." Ya miƙo mini hannu ya ce, "Tashe ni, ƙafar ta yi sanyi." Na tashe shi, muka shiga kasuwa yana dafe da kafaɗata.

Kada ka jira shekara ashirin kamar ni. In ka cuci mutum, ko da kuskure ne, noma masa gona ba ya maye gurbin "ka yafe mini". Ka faɗa tun kuna da sauran ƙarfin tsayuwa ku duka biyu.

Ni dai ban taɓa yin wani abin kirki da ya sa na cancanci mutanen da Allah ya haɗa ni da su ba. Kyauta ce ya yi mini, kuma na gode masa. Abin da nake roƙa maka ke nan, ya haɗa ka da irinsu, ya kuma sa ka zama irinsu ga wani.

Ka riƙe salla a kan lokacinta, ko da inji na kwance a gabanka. Ka kula da yatsunka, kada ka sa hannu kusa da wuƙa sai ka cire wayar fulogi. Allah ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da wuta da mugun abokin ciniki, ya tsare hanyarka in za ka zo, ya tsare ta in za ka koma. Allah ya yi maka albarka, ya sa ka gama da duniya lafiya. Amin.

Wassalam.

Mahaifinka,
Garba
Gwarzo